Gary Kildall: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya leƙa shagon buga takardu a garin Gaya, ko ya shiga wani ofis a Ajingi, da wuya ya tarar da kwamfutar tebur wadda ba da babbar manhajar Windows take aiki ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Mai shago kuwa ya shiga tsaka mai wuya: ya sayi sabuwar na'ura, ko ya ci gaba da lallaɓa tsohuwa? Irin wannan tambaya ta daɗe, kuma rayuwar Gary Kildall, mutumin da ya share fagen wannan sana'a, za ta haska wa mai karatu hanya.

An haifi Kildall ranar 19 ga Mayu, 1942, a birnin Seattle na Amurka, a gidan da ke da makarantar koyar da tuƙin jirgin ruwa. Ya karanci lissafi a Jami'ar Washington, a nan kuma ya sami digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1972. Daga nan ya koyar a makarantar gaba da digiri ta sojojin ruwa da ke Monterey, a Jihar Kalifoniya, yana kuma yi wa kamfanin Intel aikin ba da shawara. A 1973 ya rubuta wa masarrafan Intel harshen gina manhaja mai suna PL/M, sannan a 1974 ya kammala CP/M, babbar manhajar da ta bai wa ƙaramar kwamfuta damar adana bayanai a faifai da ɗauko su. Da Intel ya nuna ba ya sha'awa, sai shi da matarsa Dorothy suka kafa kamfanin Digital Research a garin Pacific Grove.

Hikimar Kildall ita ce ware ɓangaren da ke hulɗa da gangar jikin na'ura, wanda ya kira BIOS, daga sauran manhajar. Ta haka maƙeran kwamfuta daban-daban suka riƙa ɗora CP/M da ɗan gyara kaɗan, manhajojin ofis irin su WordStar da dBASE II kuma suka sami kasuwa guda mai faɗi. Kafin 1980 CP/M ce ke jan zarenta a ƙananan kwamfutocin kasuwanci.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 1978 Intel ya fitar da masarrafar 8086, amma CP/M-86 da aka yi alkawari domin ta ta ƙi fitowa. Wani injiniya mai suna Tim Paterson, na kamfanin Seattle Computer Products, ya gaji da jira, sai a 1980 ya rubuta tasa manhajar a kan tsarin da ya yi kama da na CP/M. A shekarar ce wakilan IBM suka je Pacific Grove neman babbar manhaja, bisa shawarar Bill Gates. Kildall ya tafi kai wa wani abokin ciniki kaya a jirginsa, Dorothy kuwa ta ƙi sa hannu nan take a yarjejeniyar riƙe sirri da suka zo da ita. Ruwayoyi sun saɓa kan abin da ya biyo baya, amma ciniki bai faɗa ba. Microsoft ya karɓi lasisin manhajar Paterson, daga bisani ya saye ta dungurungum kan dala 50,000 a Yulin 1981.

Ranar 12 ga Agusta, 1981, kwamfutar IBM PC ta shiga kasuwa da PC DOS kan dala 40. CP/M-86 ta wannan kwamfuta ba ta iso ba sai a 1982, kuma kan dala 240. Manajan da zai sayi kwamfuta hamsin ba ya buƙatar akanta ya faɗa masa inda riba take. Masu rubuta manhaja suka bi inda masu saye suka nufa, kuma fitowar Lotus 1-2-3 a Janairun 1983 ta ƙarasa rufe ƙofar.

Kildall bai naɗe hannu ba. Daga 1983 zuwa 1990 yana cikin masu gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles. A 1985 kamfaninsa ya fitar da GEM mai amfani da hotuna da linzami, wani kamfanin nasa kuma ya yi aikin sanya kundin ilmi na Grolier a faifan CD. A Mayun 1990 aka fitar da DR DOS 5.0, wadda ta sha yabo wajen tattalin ƙwaƙwalwar na'ura. Nan take Microsoft ya shelanta cewa MS-DOS 5.0 na nan tafe, amma ba ta fito ba sai Yunin 1991. Wannan karon Kildall ne ya riga isa kasuwa, sai dai alkawarin abokin hamayya ya sa masu saye suka dakata. A 1991 ya sayar da kamfanin ga Novell. Ya rasu a Monterey ranar 11 ga Yuli, 1994, yana da shekara 52, kwana uku bayan raunin da ya samu a ka. Kamfanin Caldera, wanda ya gaji DR DOS, ya kai Microsoft kotu a 1996, aka sasanta a Janairun 2000 kan kuɗin da daga baya aka bayyana cewa dala miliyan 280 ne.

Darasin da ke nan ga masu ofis da shago a fili yake. Ranar fitar da manhaja da ranar yaye ta, kamfani ne ke tsayar da su gwargwadon ribarsa. Saboda haka shelar sabuwar manhaja ba dalilin gaggawa ba ce: da yawa sun tsallake Windows Vista ta 2007 suka jira Windows 7 ta 2009, kuma ba su yi nadama ba. Ranar daina gyaran tsaro kuwa wa'adi ne da ba a wasa da shi, kamar yadda harin WannaCry na Mayun 2017 ya nuna a asibitocin Birtaniya, inda kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba suka durƙushe.

Kafin shugaban ma'aikata ko mai makaranta a Gaya ko Ajingi ya sa hannu a takardar saye, ya kamata ya lissafa kwamfutocin da za su iya ɗaukar sabuwar manhaja, ya gwada ta da na'urar buga takardu da manhajar albashi, ya kuma duba takardun Hausa da aka buga da tsofaffin haruffa, domin ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe idan an sauya na'ura. Waɗanda ba za su ɗauki Windows 11 ba, ana iya ɗora musu Linux, ko a raba su da intanet. Kildall ya riga kowa fasaha, amma jinkiri da tsadar farashi suka miƙa wa wani kasuwarsa. Mu da ke saye, tun ran gini ran zane: a sa wa'adin kowace manhaja cikin kasafin kuɗi tun ranar da aka sayo ta.