Diori Hamani, shugaban da ya ƙi bin Faransa kan Biyafara

An haifi Diori Hamani a Soudouré, kusa da Yamai, a 1916. Malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban Nijar na farko a 1960.

Ana masa kallon ɗan lelen Faransa, amma a yaƙin basasar Najeriya ya saɓa mata: ita ta karkata ga Biyafara, shi kuwa ya tsaya bayan gwamnatin Legas. A Yulin 1968 ya karɓi baƙuncin kwamitin sulhu na OAU a Yamai. Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo daga baya. Ba a tsagaita wuta ba, sai dai aka mayar da zaman Addis Ababa.

Seyni Kountché ya kifar da shi a Afrilun 1974, inda aka kashe matarsa Aïssa. Ya rasu a Rabat a 1989.