Malam Aminu Kano Da Yaƙin Sauke Wa Talaka Kaya

A bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani malamin makaranta wanda ya ajiye alli ya shiga siyasa domin talaka, wato Marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke zaune a birane ba su san sunansa ba sai a jikin filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano.

An haife shi a shekarar 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi a 1942, inda zama ya haɗa shi da Malam Sa'adu Zungur. Bayan ya ƙaro ilmi a Landan, sai aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya bar aikin gwamnati. Mu da muka ci albashin koyarwa mun san ba ƙaramar kasada ba ce magidanci ya saki wannan igiya a wancan zamani.

A shekarar nan aka kafa NEPU a Kano, kuma ba da jimawa ba ya zama jagoranta. A ganinsa talaucin manomi yana da tushe a tsarin mulki. Ga haraji a kan kowane baligi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ga jangali a kan shanun makiyayi. Ga aikin tilas a gandun masu sarauta. Ga kotun da talaka ke tsoron ɗaga kai a cikinta. Mun tashi mun ga iyayenmu na sayar da hatsi da kaka, lokacin da ba shi da daraja, don su biya haraji, sa'an nan su sayo shi da tsada da bazara. Mai hali ba ya jin nauyin wannan kuɗi, shi kuwa marar hali akuyarsa ɗaya tilo ke tafiya. Magoya bayan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kan faɗin wannan magana.

Malam ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya kuma riƙe ma'aikatun sadarwa da lafiya a gwamnatin Janar Gowon. Amma sai a 1979 aka ga manufarsa a aikace. Bai ci zaɓen shugaban ƙasa ba, sai dai jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a jihohi biyu: Alhaji Abubakar Rimi a Kano, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali. A 1980 Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, aka buɗe azuzuwan manya, maza da mata, abin da Malam ya daɗe yana kira a kai.

Gaskiya ɗaya ce, sokewar ta bar baya da ƙura. Ƙananan hukumomi sun rasa babbar hanyar samun kuɗinsu, suka koma jiran kaso daga sama, talaka kuma ya rage tambayar inda dukiyar hukuma ke tafiya tunda ba ya jin daga aljihunsa ta fito. Duk da haka, idan muka auna da shirye-shiryen da suka biyo baya, kamar DFRRI a 1986, Bankin Al'umma a 1989 da NAPEP a 2001, za mu ga bambanci. Waɗannan rabo suke yi, rabo kuwa yakan maƙale a hannun mai rabawa. Soke haraji ya shiga kowane gida a rana ɗaya ba tare da an cika takarda ko an nemi alfarma ba.

Ƙarshen rayuwarsa bai rasa ɓacin rai ba. PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin nan biyu suka ɓata da shi, aka kuma tsige Balarabe Musa a 1981. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, a gidansa na Gwammaja, inda aka binne shi. Gidan, wanda ake kira Mambayya, ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero.