Olabisi Ajala: Ɗan Najeriyar da ya keta iyakokin duniya a kan ƙaramin babur

A yau idan aka ambaci babur a Zurmi ko Shinkafi, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne ayarin 'yan bindiga da ke ɓullowa daga daji, da dokokin taƙaita hawansa da gwamnatocin Zamfara suka sha kafawa. Amma a ƙarshen shekarun 1950, wani ɗan Najeriya ya hau babur ɗin da bai kai waɗannan ƙarfi ba, ya ratsa Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya, har ya tsaya gaban shugabannin da suka fi kowa faɗa-a-ji a zamaninsa. Sunansa Moshood Adisa Olabisi Ajala. Har gobe a ƙasar Yarabawa, duk wanda ƙafarsa ba ta zama wuri guda, Ajala ake ce masa.

An haife shi a ƙasar da a yau ake kira Ghana, iyayensa Yarabawa ne 'yan Najeriya. Ya yi makaranta a Legas da Ibadan, daga nan ya tafi birnin Chicago na Amurka da niyyar karatun likitanci. Can ya tarar da abin da ya sauya masa alƙibla: yawancin Amurkawa ba su san komai game da Afirka ba sai abin da finafinai ke nuna musu, wato daji da namun dawa da mutane tsirara.

A watan Yunin 1952 ya hau keke daga Chicago ya nufi Los Angeles, tafiyar mil 2,280, wadda ya kammala cikin kwana 28. Sanye yake da babbar riga da hula irin na gida, yana yada zango a garuruwa yana yi wa jama'a lacca kan Najeriya da mutanenta. Jaridu suka ɗauki labarin, magajin garin Los Angeles ya karɓe shi, har ya samu ɗan matsayi a wani fim na Hollywood a 1953.

Sai dai zamansa a Amurka bai ƙare lafiya ba. An gurfanar da shi a kotu kan badaƙalar takardun cire kuɗi na banki, kuma hukumar shige da fice ta nemi korarsa saboda ya bar karatun da ya kai shi ƙasar. Ajala ya hau wata doguwar hasumiyar rediyo ya ƙi saukowa, ya kuma yi yajin cin abinci, duk don a janye hukuncin. Daga ƙarshe dai ya bar Amurka, ya koma Landan. Halayen nan biyu, ƙarfin hali da son jan idon jama'a, ba su rabu da shi ba har mutuwarsa.

Daga Landan ne ya fara babbar tafiyarsa a 1957, a kan ƙaramin babur irin na Italiya mai ƙananan tayoyi, wanda aka ƙera don zirga-zirgar cikin gari. Ya kwashe shekaru yana tafe, daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Sai an dubi zamanin kafin a gane nauyin abin da ya yi. A 1957 Najeriya tana ƙarƙashin mulkin Ingila, sai a 1960 ta samu 'yancin kai. Duniya ta rabu gida biyu, ɓangaren Amurka da na Tarayyar Sobiyet, kuma Turawan mulki na sa ido sosai kan duk ɗan mulkin mallakar da ya leƙa ƙasashen gurguzu. Ɗan Afirka a wancan lokaci shi ake zuwa kallo, a auna shi, a rubuta littafi a kansa. Ajala ya juya al'amarin. Shi ne ya je ya kalli Turawa da Rashawa da Indiyawa, ya yi wa shugabanninsu tambayoyi, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Ba shi da gwamnatin da ta aike shi, ba shi da wasiƙar jakada. Dabararsa ita ce naci. Idan masu gadi sun hana shi shiga, sai ya jira ranar da shugaba zai fito bainar jama'a, ya kutsa da baburinsa. An sha kama shi saboda haka, amma ta wannan naci ya gana da Jawaharlal Nehru na Indiya, da Nikita Khrushchev na Sobiyet, da Gamal Abdel Nasser na Masar, da Shah na Iran, da Golda Meir, wadda a lokacin ita ce ministar harkokin wajen Isra'ila.

Mafi hatsarin abin da ya yi a birnin Ƙudus ne. A wancan lokaci birnin a rabe yake tsakanin Jordan da Isra'ila, da waya mai ƙaya da sojoji a kowane ɓangare, kuma mashiga ɗaya ce tak tsakaninsu, wadda ake kira Mandelbaum. Ajala ya danna baburinsa ya keta filin da ke tsakanin dakarun biyu, inda harsashi ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen labarinsa. Allah ya yi da sauran kwanansa.

A 1963 ya wallafa littafinsa mai suna An African Abroad, wanda ɗan siyasar Kenya Tom Mboya ya rubuta wa gabatarwa. A ciki bai ɗauki ɓangare a rikicin manyan ƙasashe ba. Ya duba rayuwar ɗaliban Afirka a ƙasashen waje, ya kuma bayyana wariyar launin fata a inda ya ci karo da ita, ko da kuwa a ƙasar da shugabanninta ke kiran kansu aminan Afirka ce.

Da ya dawo gida ya zauna a Legas, ya shiga harkar tallata mawaƙa da shagulgulan manyan gari. Ebenezer Obey ya sa sunansa a waƙa a farkon shekarun 1970, abin da ya ƙara masa suna. Amma suna ba ya cika tumbi. Ajala bai tara dukiya ba, ya yi aure-aure a ƙasashe daban-daban, 'ya'yansa suka warwatsu a duniya. A ƙarshen rayuwarsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a wani gidan haya a Legas. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairun 1999 cikin talauci, mutumin da ya sha hannu da Nehru da Nasser.

Tafiya ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja fataucin goro, alhazai sun taka ƙasa har gaɓar Bahar Maliya, jirgin ƙasa kuma ya iso Ƙaura Namoda tun 1929 ya haɗa ta da Legas. Abin da rayuwar Ajala ke tunatarwa shi ne cewa damar tashi daga nan zuwa can haƙƙi ne, kuma da shi ake gane ko mutum na da 'yanci. Shi ya ƙwaci nasa a hannun daulolin da suka raba duniya. Matashin da ke Zurmi a yau kuwa sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya hau babur zuwa kasuwar Shinkafi, a cikin ƙasarsa, shekara sittin da ɗoriya bayan samun 'yancin kai. Wannan haƙƙi yana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya, a sashe na 41, kuma tambayar yadda aka yi ya suɓuce tana kan duk mai neman ƙuri'ar mutanen yankin.