Eugene Houdry, Wanda Ya Farfaɗo da Yumɓu

Direbobin da ke shan mai a Kwanar Dangora ba su san Eugene Houdry ba, amma mu a ganinmu ya cancanci tunawa. An haife shi a Faransa cikin 1892, ya rasu a Amurka cikin 1962.

Shi ya samo wani yumɓu mai hanzarta farfasa mai kauri ya zama fetur. Sai dai cikin 'yan mintoci kunkunniya takan lulluɓe fuskar yumɓun, watau inda aikin ke gudana, ƙarfinsa ya mutu, fetur ya ragu. Houdry ya ce a hura iska a ƙone kunkunniyar, yumɓu ya farfaɗo. Cikin 1937 matatar Marcus Hook ta Amurka ta kama wannan dabara, man kuwa ya taimaki jiragen saman Ingila a Yaƙin Hitila.