Umaru Dikko: Ministan da aka rufe cikin akwati a Landan

An haifi Umaru Dikko a Wamba ranar 31 ga Disamba 1936, ya tashi a Zariya. Ya riƙe kwamishina a Jihar Arewa ta Tsakiya, lokacin da Funtuwa da Malumfashi ke ƙarƙashinta, kafin Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan sufuri a 1979, daga baya ya ɗora masa kwamitin shigo da shinkafa.

Ranar da ya cika shekara 47 sojoji suka kifar da gwamnati. Ya sulale zuwa Landan, gwamnatin Janar Buhari ta shiga nemansa ruwa a jallo bisa zargin wawure dukiyar ƙasa, zargin da ya musanta har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar 5 ga Yuli 1984 aka cafke shi a ƙofar gidansa da ke Bayswater, aka yi masa allurar barci, aka cusa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila mai lura da numfashinsa. Jirgin Nigeria Airways na jira a Stansted. Akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci, sai jami'an kwastam suka buɗe. Kotun Birtaniya ta ɗaure Manjo Mohammed Yusufu da Isra'ilawa uku, Legas kuwa ta ce babu hannunta.

Wannan ganganci ya yi wa Dikko rana. Birtaniya ta ƙi miƙa shi, batun kuɗin shinkafa ya bi ruwa ba tare da wata kotu ta tantance shi ba. Ya dawo gida a zamanin Abacha, ya shiga taron tsarin mulki, ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuli 2014.