Julius Nyerere, Malamin da Ya Shugabanci Tanzaniya

A gabashin Afirka, kusa da Tafkin Biktoriya, akwai wani ƙauye wai shi Butiama. Nan aka haifi Julius Nyerere cikin 1922. Ubansa sarkin ƙabilar Zanaki ne, amma duk da haka yaron ya tashi yana kiwon awaki yana taya noma kamar sauran 'yan ƙauye. Sai da ya shekara 12 aka sa shi makarantar En'e a Musoma, tafiyar mil 26 daga gida, watau kusan kamar daga Dutse zuwa Birnin Kudu.

Daga nan ya wuce Tabora, sa'an nan Kwalejin Makerere ta ƙasar Uganda, inda ya koyi aikin malanta. Cikin 1943 ya shiga addinin Kirista, ɗariƙar Katolika, ya kuwa riƙe shi har ƙarshen ransa. Ya koyar a makarantar mishan ta Tabora, kana cikin 1949 ya tafi Jami'ar Edinbura a Birtaniya. Da ya komo cikin 1952 sai ya sāke ɗaukar alli.

A zamanin nan sunan ƙasar Tanganyika, Ingilishi ke mulkinta. Cikin 1954 Nyerere da abokansa suka kafa jam'iyyar TANU don neman 'yanci. Ba a daɗe ba ya zama tilas ya zaɓi ɗaya, ko aji ko siyasa, sai ya bar ajin. Amma mutane ba su daina kiransa Mwalimu ba. Wannan kalma ta Suwahili da kalmarmu ta malam asalinsu ɗaya ne, daga Larabci suka fito. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 9 ga Disamba, 1961. Cikin 1964 ta haɗu da tsibirin Zanzibar, aka raɗa mata suna Tanzaniya.

To, ku lura da wannan. Ƙasar tana da ƙabilu fiye da 120, ga Musulmi da yawa, ga Kirista da yawa. Nyerere mutum ne mai yawan ibada, da sassafe yakan tafi coci, ya zauna cikin talakawa. Har ya mai da Linjila baitoci cikin harshen Suwahili. Amma bai yarda a fifita addininsa bisa na wasu ba. Gwamnatinsa ta karɓe makarantun mishan, har da na Katolika, domin ɗan kowa ya sami shiga. Ya sa aka riƙa koyarwa da Suwahili a firamare, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci ko'ina, tsofaffi da yawa suka iya karatu.

Ba duk abin da ya shuka ne ya yi yabanya ba. Ya so manoma su tattaru a ƙauyukan haɗin gwiwa da ake kira Ujamaa. Da suka ƙi, daga 1973 aka tashi miliyoyinsu ala tilas, amfanin gona ya ragu, talauci ya ƙaru. Jam'iyya ɗaya kaɗai ya bari, an kuma tsare waɗansu masu sukarsa ba shari'a. Cikin 1968, ana tsakiyar yaƙin basasarmu, ƙasarsa ce ta fara amincewa da Biyafara, abin da ya ɓata wa gwamnatin Nijeriya rai ƙwarai.

Cikin 1985 ya sauka daga mulki don kansa, abin da ba safai shugabannin Afirka na lokacin suke yi ba. Ali Hassan Mwinyi, Musulmi daga Zanzibar, shi ya gaje shi. Nyerere ya koma Butiama bai tara dukiya ba, ya kama fartanya. Daga baya aka roƙe shi ya sulhunta masu yaƙi a Burundi, yana kan wannan aiki ciwo ya kama shi. Ya rasu a asibiti a Landan ran 14 ga Oktoba, 1999, aka kawo shi gida aka binne shi a ƙauyensu.