Likita Sisili Wiliyams, Wadda Ta Sa Wa Ciwon Yaye Suna

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Roni ko Gwiwa da marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, ya san irin yaron nan mai kumburarrun ƙafafu, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa tana saluɓewa, ba ya wasa sai kuka. Mu tamowa muke cewa. Wadda ta fara bayyana wa likitocin duniya wannan ciwo filla-filla wata Baturiya ce, Sisili Wiliyams.

An haife ta a tsibirin Jamaika ran 2 ga Disamba, 1893. Ubanta shi ne babban jami'in ilmi na tsibirin. Ta karanta likitanci a Okasfod ta Ingila, ta gama cikin 1923, a zamanin da ba a cika ba mata likitoci aiki ba. Cikin 1929 Gwamnatin Ingila ta aika da ita Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, ta yi shekara bakwai can.

A asibitin yara na Ankara ta lura da waɗansu yara, galibi 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ana kawo su a kumbure, su mutu. Maimakon ta tsaya kan littattafan da ta karanta, sai ta shiga tambayar iyaye mata da kakanni abin da yaran ke ci. Ta tarar an yaye su ne, an bar su da kokon masara tsura. Ta kuma ji mutanen Ga suna kiran ciwon kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa na tafe. Ashe abin da muke kira kwanika, da saurin yayen da ke biyo bayanta, su ma sun san illarsa. Ta buga bayaninta cikin 1933, ta sake bugawa cikin 1935 da sunan nan na Ga, ta ce abin da ya fi kama da dalili shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki. Manyan likitocin Ingila suka musa, suka ce wani tsohon ciwo ne da aka riga aka sani, ita ce ba ta gane ba. Ba ta janye ba. Tana ba yaran madara suna warkewa, ta kuma bar uwa ta kwana da ɗanta a asibiti, abin da ba a saba yi ba. A ganina wannan ya fi kome muhimmanci cikin aikinta, domin uwar da ta ga yadda aka ciyar da ɗanta ita ce za ta ci gaba a gida.

Cikin 1936 aka mai da ita Malaya. Can ta iske wata ɓarnar dabam: 'yan kasuwa suna zuga mata su bar shayarwa su sayi madarar gwangwani, jarirai na mutuwa. Cikin 1939 ta yi lacca a Singafo ta kwatanta wannan talla da kisan kai. Japanawa suka ci garin cikin 1942, suka tsare ta har 1945. Ta ɗanɗana yunwar da kanta, ciwon ƙarancin abinci ya taɓa ƙafafunta har ƙarshen ranta. Cikin 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta mutu a Okasfod ran 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Har yau masana ba su gama daidaita baki kan ainihin abin da ke kawo kumburin ba, sun dai yarda ba abu guda ba ne. Ƙyanda da gudawa suna da hannu. Amma ganewa ta yi sauƙi. Ma'aikacin lafiya a Babura ko Kazaure yakan danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, to ciwon ne. Yakan kuma auna damtsen hagu da wani tef mai launi uku. In bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani. Maganin kuwa wani kwaɓin gyaɗa ne da madara da sukari da mai, wanda aka ciyar da dubban yara da shi a ƙasar Maraɗi cikin yunwar 2005, uwa tana ba ɗanta a ɗakinta.